Buhu Arba'in a Ɗakin Baƙi

Shekara talatin da biyar Manasseh ya yi yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan a sakatariyar Yola, kuma duk tsawon shekarun nan buri ɗaya gare shi game da shinkafa, wato ta yi arha. Shi da bakinsa yake faɗa yanzu, yana yi wa kansa dariya, cewa da an ba shi mulkin ƙasa a lokacin, kafin ya zauna a kujera zai sa a ciccire ƙofofin boda a sayar wa 'yan gwangwan.

Ba a banza ba kuwa. A shekarar 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, mutum goma sha tara suka sauka a gidansa na unguwar Gwadabawa a Jimeta cikin kwana biyu. Yayar matarsa ce da ke aure a can ta iso da 'ya'yanta da surukanta, har da maƙwabtan da ba su san kowa a Jimeta ba. Albashin akawu kuma bai san an yi baƙi ba. Matarsa Keturah ta aro ƙatuwar tukunyar zumuntar mata daga coci, ta yi wata biyar tana dafa wa wannan runduna. Da baƙi suka koma, sai ta tarar hannunta ya manta awon abincin mutum huɗu. Ta sayi tukunya irin waccan, ta kafa rumfa kusa da tasha, ta shiga sayar wa 'yan keke da 'yan dako shinkafa da miya.

Da gwamnati ta rufe boda a 2019, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, babu wanda ya kai Manasseh kumfar baki a wajen masu karatun jarida. Bayan shekara biyu ya yi ritaya. Ya dubi ɗan abin da aka ba shi na sallama, ya dubi farashin buhu, sai ya ga ashe tun da can a ɓangaren da ba daidai ba yake tsaye. Ya kama hayar fadama a Ngurore wajen wani dattijo mai suna Baffa Rilwanu. Ranar farko da takalmin ofis ya je, ya dawo da ƙafa ɗaya, ɗayar tana can cikin taɓo har yau.

Kafin damina biyu ra'ayinsa ya juya tsaf. Shinkafar waje ta zama guba a bakinsa, wai sai ta shekara goma a sito ake turo mana ita. Keturah takan tuna masa cewa shekara talatin ya yi yana cin gubar har da neman ƙari, kuma ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Abin ya kai har wajen addu'ar safe. Shi ya roƙi Ubangiji ya sa gumin manoma ya yi daraja, ita ta roƙa a sauƙaƙa wa talakawa abinci. 'Yarsu Debbie ta rasa wadda za ta ce wa amin da ƙarfi.

Kakar 2024 ta yi masa kyau. Buhu arba'in na shanshera ya samu, wato shinkafar da ba a cashe ba, ya jibge su a ɗakin baƙi har kusa da silin, ya sa kwaɗo. Keturah ta same shi tun makon farko.

"Baban Debbie, ka sayar min mana. Yadda kasuwa yake zan biya ka, ba ragi."

"Maman Debbie, ke kin san tukunya, ni na san kasuwa," in ji shi. "Sai bazara. Lokacin za ki ga abin da ake kira farashi."

Wannan maganar ce yake cewa da ana sayen magana a mayar da ita ciki, da ya sayar da fanshonsa ya saye ta. Gwamnati ta riga ta janye haraji a kan shinkafa da masarar da ake shigowa da su, ya kuma ji a rediyo da kunnensa, ya ce ai surutu ne. Ba surutu ba ne. Farashi ya fara sauka, ya ce hutawa yake yi. Ya ƙara sauka, ya ce makircin 'yan kasuwa ne. Dillalin da a da yake kiransa "Oga" sau uku a rana ya daina ɗaukar waya. Taki kuwa da kuɗin ƙwadago suna nan inda suke, ko gezau.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gidansa bai taɓa jin daɗi kamar lokacin ba. 'Yan keken da tsada ta kora sun dawo rumfar Keturah, ta ƙara musu cokali, ta biya wa Debbie makarantar koyon jinya ba tare da ta nemi kowa ba. Nama ya dawo cikin miya. Manasseh yakan zauna ya cinye tas, yana jin haushin daɗin abincin.

A watan Mayu abubuwa biyu suka haɗu. Ruwan farko ya nuna masa cewa kwanon ɗakin baƙi yana yoyo, ƙwari kuma sun fara yawo a bangon. Sannan Baffa Rilwanu ya aiko cewa yana son amsa ran Asabar, zai sake kama fadamar ko a'a. In bai sayar ba, babu kuɗin haya, babu na taki, ya tashi daga manomi ya koma tsohon akawu mai jiran fansho. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tafi rumfar matarsa.

Ta gaishe shi kamar yadda take gaida masu kawo mata itace, ta ba shi benci. Ya yi gyaran murya ya ce ya yi tunani, zai taimaka mata da shinkafar nan. Ta faɗi farashin ranar. Ko abin da ya kashe bai kai ba.

"Haba, Maman Debbie. Ni fa mijinki ne."

"A gida ba. Nan rumfa ne." Ta ajiye ludayi, ta rage murya. "In na biya ka kuɗin bara, dole na ƙara wa faranti. In na ƙara, yaran nan za su koma rumfan gaba. To sai mu ci me, ni da kai? Shinkafar waje ma ba tsakuwa, ba casa. Don kai ne nake saya."

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma ya ga idonta ya kawo ruwa. Suka shirya a kan shi zai kai inji a cashe, shi kuma zai tsince tsakuwa. Kwana uku ya yi a bayan rumfa da faifai a cinya da tabarau a hanci. Wani tsohon abokin aikinsa ya gan shi, Manasseh ya ce masa ai duba inganci yake yi.

Ran Asabar ya hau mota zuwa Ngurore. Ya san abin da ke aljihunsa ba zai kai haya da taki ba, don haka a hanya ya tsara jawabin ban tausayi, yadda gwamnati ta cuce shi, yadda matarsa ta taya shi kamar baƙo. Ya tarar da Baffa Rilwanu a bakin fadama. Ruwa ya sauka, amma fiye da rabin gonakin ciyawa ce, ba wanda ya taɓa su. Manasseh ya gaishe shi, ya ce bana ba zai iya ba, ya fara jawabinsa.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai ne na huɗu da ya dawo min da gona. To ka sayar ke nan, Malam Manasseh?"

"Na sayar, Baffa, amma da asara. Matata ce ta saya."

"Barka. Nawa yana nan a ɗaki tun kaka, da na yarana biyu. Mu kam ba mu da mai tukunya a gida." Ya murza carbi, ya fara da kalmar roƙo ta Fulatanci. "Useni, ka tambaya min Madam ko zai sayi namu. Ko nawa ya ce."

Kunya ta rufe Manasseh, irin wadda bai ji ba ko a bayan rumfa. Ya zo a tausaya masa, ashe duk fadamar nan shi ne mai sa'a. Ya kuma san buhu arba'in ɗinsa za su kai Keturah har wata kakar, ba ta da inda za ta sa ko mudu ɗaya.

"Zan tambaye ta, Baffa," ya ce.

Dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana ta godiya, ya raka shi har bakin titi.