Kunnen Gwaggo Kulu

Duk wanda ya san Gwaggo Kulu mai bandar kifi ta Argungu ya san ba a gaishe ta a tsira. Kana "ina kwana" tana karkata kai tana sauraron hancinka. Ranar sunan ɗan yayana a unguwar Gesse, liman ya shafa addu'a ke nan ta ɗago daga cikin mata ta ce, "Malam, hancinka na dama ya toshe." Muka rasa inda za mu sa kanmu don kunya. Bayan kwana biyu liman na kwance!

To ku ƙiyasta ranar da ta ji zan tafi Rasha karatun likita. Sharaɗin gurbin nan kuwa ɗaya ne: ka rasa jarrabawar lokacin sanyi, ka dawo gida. Gwaggo ta ɗauki wannan a matsayin yaƙinta da mura.

Ta iso gidanmu na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi ana gobe zan tafi. Na shigo na tarar da littattafaina a ƙasa, akwatina cike da citta, kanumfari, tafarnuwa da busasshen kifi.

"Gwaggo, littattafan fa?"

"Can ba su da takarda? Wanda ad da rai shi ka karatu."

Da na sauka a Rasha, ma'aikatan filin jirgi suka buɗe akwatin, suka ja da baya, suka kwashe kifin. Na faɗa mata a waya ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Ci sunka yi?"

"Zubarwa suka yi."

"Innalillahi! Shi as sa mura ba ta barin su."

Wata rana ta tambaye ni yaya sanyin yake. Na ce ya fi cikin firiza. Ashe ba ta yarda ba. Sai ga kira daga maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, ma'aikaciyar jinya: wai Gwaggo ta zo unguwarmu ta je shagon mai ƙanƙara, ta sa an buɗe mata firiza, ta cusa kai har kafaɗa ta tsaya. Mutane sun taru suna salati. Da ta fito, ɗankwalinta ya sandare, ta ce, "Wanga ba gari na ba. Wurin aje kihi na anka kai mani ɗiya!"

Daga ranar ta kafa doka: kowace safiya in aiko mata da gaisuwa da muryata, ban da rubutu. A shekarata ta biyu mura mai zazzaɓi ta kwantar da rabin ɗakunan kwananmu, saura mako ɗaya jarrabawa. Na yi allurar rigakafi, ina wanke hannu kamar mai aikin gidan abinci, don haka na gaishe ta da ƙarfina. Amsa ta zo nan take.

"Ƙarya kike. Tashi ki tai asibiti."

"Gwaggo, zan dafa citta."

"Citta ta hanci ta. Wagga ta sauka ƙirji. Tashi!"

Na yi mamaki ƙwarai, matar da ta yar da littattafaina saboda citta! Na je, likita ya ce gara da na zo da wuri. Na rubuta jarrabawata ina jan hanci, na ci.

A shekarata ta ƙarshe saƙonninta suka fara gajarta. Sannan matar yayana ta fara rubuto mini, wai Gwaggo na gaishe ni, aiki ya yi mata yawa. Gwaggo da rubutu? Na kira na ce sai na ji ta. Ta ce, "Lahiya lau nike," kalma uku, na ji ƙirjinta yana ƙara. Na sa Baba da Madam Rifkatu suka ɗauko ta zuwa asibiti a Birnin Kebbi ran nan. Ashe ta yi mako biyu tana ɓoyewa, don kada in rasa jarrabawar ƙarshe.

A gadon asibiti aka kara mata waya a kunne. Da ƙyar ta ce, "Wa ak koya miki sauraren mutane haka? Ba ki da kunya."

Ta cika bayan kwana huɗu. Har yau marar lafiya in ya gaishe ni, nakan ji kaina ya karkata. Allah Ya jiƙan Gwaggo Kulu, Ya saurari kukanmu a kanta kamar yadda ta saurare mu.