Ranar da Na Ƙi Sa Fuskata a Kwalin Yaya

Shekarun baya, lokacin da na buɗe wajen gwajin ji a Funtua, mutane da yawa ba su san me nake yi ba. Wasu su ce likitar kurame, wasu su ce mai wanke kunne. Aikina dai shi ne in auna jin mutum, in gano inda ya ragu da dalilin raguwar, sannan in daidaita masa na'urar ji idan ita ce mafita, ko in tura shi wurin likitan kunne idan ciwo ne. Shagon da nake ciki na yayan mijina ne, shi ya ba ni kyauta ranar da na gama karatu, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Yaya ɗan kasuwa ne, kayan waya da fitilun sola yake sayarwa. Wata rana ya shigo da kwali a hammata, ya zazzage mini wasu ƙananan abubuwa a kan tebur. Kamanninsu sak na na'urar ji. Na sa guda a kunnena na kunna. Ƙarar fanka, hon ɗin babura, numfashina, komai ya taso mini lokaci guda kamar an kifa mini kwano a ka ana bugawa. Ba ta zaɓar sautin da mutum ya rasa, komai take kumburawa.

"Likita, kin ga arziki ya zo har gida," in ji shi. "Naki mai tsada manomi ba ya iya saya. Wannan kuwa kowa zai ɗauka. Hotonki kawai nake so da farar rigar nan a jikin kwalin, sai ranar kasuwa ki ɗan zauna a rumfata."

Na ce, "Yaya, wa zai auna su kafin su saya?"

"Wane awo? Wanda ba ya ji ai ya san ba ya ji."

Na yi masa bayani iya ƙarfina. Na ce wani datti ne kawai ya toshe masa kunne, wani dodon kunnensa ne ya huje, wani kuma ɗan jin da ya rage masa wannan ƙarar za ta ƙarasa shi. Na ce ya sayar da kayansa idan ya ga dama, kasuwa tasa ce, amma ban da fuskata. Ya tattara abubuwansa ya fita bai yi mini sallama ba.

Maganar ta kai gaban surukata, Hajiya. Aka kira ni gidanta, na durƙusa na gaishe ta. Yaya yana kan kujera, mijina yana gefe yana kallon tabarma kamar a ranar ya fara ganinta.

Hajiya ta ce, "'Yar nan, wanda ya ba ki wurin zama bai isa ya nemi hoto a wurinki ba? Ki ba yayanku haƙuri, ki yi abin da ya ce."

Ban taɓa musa mata ba sai ranar. Na ce, "Hajiya, idan na ɓata masa rai a yadda na yi magana, ya yi haƙuri. Amma hoton ba zan bayar ba. Wanda ya ga fuskata zai ɗauka na duba abin na yarda da shi, ni kuwa ban yarda ba."

Yaya ya ce to in ba shi makullin shagonsa. Na buɗe jaka na ajiye masa a nan take. Na fito da ƙarfin hali kamar wata jaruma, ina shiga Keke Napep kuma na fashe da kuka, har direban ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Mijina ne ya nemo mota ya kwashe kayana. Matsalar ita ce gwajin ji yana buƙatar ɗaki shiru, irin wannan ɗakin kuma ba a samunsa a bakin titi. Mahaifina, manomi ne a Malumfashi, ya ce in zo in duba sitonsa na bayan gida. Ginin ƙasa ne mai kauri, rabinsa cike da buhunan masara. Na shiga na rufe ƙofa, sai na ji tsit. Buhunan sun shanye duk wata ƙara. Nan na kafa na'urata, ina gwada mutane ina korar ɓeraye.

Watannin farko sun yi mini zafi. Yaya ya samu wani hoton mai farar riga, ban san daga ina ba, ya buga a kwalinsa. Kayan suka yi ta tafiya a kasuwannin Danja da Maska. Ni kuwa wani lokaci in yini ba wanda ya leƙo sai kajin mahaifiyata. Wata ƙawata da muka yi karatu tare ta kira ni ta ce in daina taurin kai, ita ma ta fara ajiye irinsu a kanta, zamani ne ya zo da haka. Na ce mata zamanin ya wuce ni, ba komai.

Sai ga wani mai injin niƙa daga Maska, abin nan na Yaya yana maƙale a kunnensa, yana magana da ƙarfi. Ya ce, "Likita, tun da na sa wannan kaina ke sara, ga ruwa yana fita." Na leƙa, dodon kunnen ya huje, mugunya ta taru, abin kuma ya toshe ta a ciki. Na cire, na tura shi wurin likitan kunne, na ce ya riƙa toshe kunnuwansa in zai tayar da inji. Da ya warke sai ya kawo mini abokan sana'arsa. Su kuma suka kawo iyayensu. Ganin yawancinsu ba za su iya sayen manyan na'urori ba, na nemo masu sauƙin kuɗi amma na gaske, waɗanda ake daidaitawa da awon mutum. A wannan kam Yaya ya yi gaskiya, tsada tana korar mutane, kuma na gyara.

Ana cikin haka wata safiya na ji sallamar Hajiya a ƙofar siton. Ita kaɗai ta hawo mota daga Funtua. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da abin Yaya.

"Ɗana ya ba ni," in ji ta. "Ina jin tafiyar ƙadangare a kan rufi, amma in jikokina suna magana ba na gane ko kalma. Duba ni."

Na shimfiɗa mata wurin zama. Na auna ta, na daidaita mata wadda ta dace da ita. Da na yi mata magana a hankali daga bayanta, ta juyo ta ce, "Ke, ashe muryarki siririya ce."

Yanzu ina da wurina a cikin garin Malumfashi. Yaya yana nan da kasuwarsa, muna gaisawa a suna da biki, kuma har gobe ana sayar da abubuwan nan, ga su ma a tallan waya. Ban hana kowa ba, ba ni da ikon hanawa. Abin da na gane kawai shi ne, kayan aiki za su yi ta sauyawa, farashi ya hau ya sauka, amma mutumin da ya miƙo mini kunnensa ya yarda da ni ne, kuma wannan yardar ba tawa ba ce da zan ba wani aro, ko ɗan'uwa ne. An ce mini mai taurin kai, an ce na raina manya. Na ji, kuma ina ji da kyau, don ni kunnena lafiya lau yake.