Matarsa ce ke naƙuda

Babanmu direban bas ne, a kamfanin da ke ɗebo ma'aikata da 'yan kasuwa daga bakin gari zuwa tsakiyarsa. Tun kafin a haife ni yake riƙe da sitiyari, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce ya taɓa buge ko kaza ba. Matsalarsa ɗaya ce, zuciya. A tasha Wuta suke ce masa, a bayan idonsa dai. In wani ya yanko masa hanya, hannu na kan hon, kai na waje ta taga, yana zazzaga zagi ta uwa ta uba.

Fushin ba ya tsayawa a titi, har gida yake rako shi. Mu yara daga ƙarar makulli a kan tebur muke gane irin yammacin da za mu yi. In ya ajiye a hankali, a ci gaba da hira. In ya jefar, kowa ya kama gabansa: ƙanena ya tuna da aikin makaranta, ni kuma in shige kicin in hau wanke kwanon da aka riga aka wanke. Mama takan ce mana ƙasa-ƙasa, hanya ce ta gajiyar da shi, mu bar shi ya huce.

Ana nan kamfani ya kawo likita ta duba direbobi. Ta auna Baba, ta sake aunawa, sannan ta cire gilashinta ta dube shi. Jininsa ya hau sosai. Ta rubuta masa magani, ta ce ya rage gishiri, ya rage fushi. In ta dawo bayan 'yan watanni ta tarar da shi haka, za ta sa a karɓi makullin, don ba za ta bari mutum ya faɗi a kan sitiyari da mota cike da rayuka ba.

Gishiri Mama ta rage. Magani yana sha, da mita amma yana sha. Fushi kuwa babu wanda ya rubuta yadda ake rage shi a jikin kwali. Baba bai iya wata sana'a ba, kuma na san raba shi da bas ɗin nan kashe shi ne a tsaye. Tsoron a karɓe motar ma sai ya ƙara masa zafi.

Wata yamma ya shigo yana huci a kan wata ƙaramar mota da ta kusa shige masa ƙarƙashi. Mama na yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Wataƙila matarsa ce ke naƙuda."

Baba ya ce wace irin magana ce wannan.

"Ranar da ka ɗauke ni zan haifi wannan," ta nuna ni da wuƙa, "akwai wanda ba ka yanka wa hanya ba? Wani tsoho ya taka birki ya bar ka ka wuce, har yau kana sa masa albarka. Da ya zage ka fa?"

Ranar shiru muka ci abinci, amma ba irin shirun da muka saba ba.

A lokacin na fara aiki a wani shagon magani, bas ɗinsa nake bi da safe, don haka da idona na ga abin da ya biyo baya. Wani mai tasi ya yanko masa. Hannun Baba ya tafi kan hon, ya tsaya. Ya ja numfashi, ya ce ta cikin haƙora, matarsa ce ke naƙuda. Bayan ɗan lokaci wani ya sake yi, shi ma matarsa. Da abin ya yi yawa, wata fasinja da kullum ke zama a bayansa da kwandon kaya, Mai Kwando muke ce mata, ta ce in haka ne garin nan ba zai ɗauke mu ba nan da baɗi, ya nemo wani uzurin.

Sai ya shiga nemowa. Wannan cikinsa ne ya ɓaci. Wancan ya bar tukunya a wuta. Na jar motar can surukarsa ce ta kira shi. Fasinjoji suka fara jiran a yi masa laifi don su ji me zai ce. Ba kullum yake iyawa ba, akwai ranakun da tsohon Wuta ke leƙowa. Amma kafaɗun nan da kullum suke ɗage suka sauko, ciwon kan yamma ya ragu, ƙanena ya daina samun aikin makaranta na gaggawa.

Ranar da likita za ta dawo, muna gab da tasha, wani matashi a babur, waya manne a kunne, ya kutso ta gefe ya ɓalle mana madubi. Maimakon haƙuri sai ya juyo ya watsa wa Baba zagi ya wuce. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Motar ta yi tsit, ga shi daga nan ɗakin awon jini zai shiga.

Yana riƙe da sitiyari ya ce, "Wannan ban samo masa uzuri ba."

Mai Kwando ta ce budurwarsa ce ta ce ta fasa. Wani malamin makaranta daga baya ya ce a'a, babur ɗin aro ne, mai shi na jira. Wata tsohuwa ta ce ku bar yaro, haihuwarsa ta fari ce, bai san naƙuda na daɗewa ba. Baba ya yi ta cijewa, daga baya dariya ta ƙwace masa har yana buga sitiyari. Ya sauka ya tsinci madubinsa, ya ƙarasa da mu a hankali. Ina zaune ina ji kamar in miƙe in gaya wa kowa babana ne, alhali duk sun sani.

Jinin ya sauka. Likita ta ce magani ba fashi, amma makulli nasa ne.

Da yamma ya ajiye shi a kan tebur ko ƙara bai yi ba, ya bi Mama kicin yana baza labari. Har da ba ta shawara, wai ita ma ta gwada wannan dabara tasa, tana sanyaya rai.

Mama ta ci gaba da yankan albasarta. "Ai ni na daɗe ina yi," ta ce. "Wa kake tsammani yake ce wa yaran nan hanya ce ta gajiyar da kai?"

Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya karɓi wuƙar daga hannunta, shi da bai taɓa yanka ko tumatir ba. Ƙanena ya leƙo, ya ga idon Baba ya ciko, ya dube ni.

Na ce masa albasa ce.