Agogon da Ya Ce Madina Ba Ta Je Ko'ina Ba

In ka tambayi mutanen unguwarsu a cikin birnin Daura wace ce Madina, za su ce maka matar Alhaji Lado mai hatsi ce, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai jikoki, wadda ba a taka ta ta ƙyale. Sai ka je Zango, garin da aka haife ta, ka samu tsofaffin da suka yi firamare da ita, sannan za ka ji sauran labarin. Ba a taɓa yin 'yar makaranta mai gudu kamarta a garin ba. Ranar wasanni ba takalmi take shiga fili, kuma maza har roƙon malamai suke kada a jera su da ita. Hedimasta ya sha cewa zai kai ta gasa Katsina, amma maganar ba ta wuce baki ba. Ta gama makaranta, ta auri Lado da son ranta, ta tare a gidansa da ke kusa da rijiyar Kusugu. Gudu ya koma labarin da take ba 'ya'yanta in an ɗauke wuta, su yi ta kallon jikinta suna dariya.

Ta doshi hamsin aka gano tana da ciwon suga. Nas ɗin da ta duba ta ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ta riƙa motsa jiki har ta yi gumi sharkaf. Wasu matan in an faɗa musu haka ɓata fuska suke yi. Madina kuwa tun a kan Keke Napep ɗin da ya dawo da ita gida take murmushi ita kaɗai, don ta san irin motsa jikin da za ta yi.

Alhaji Lado ba mugun miji ba ne, wannan a yi masa adalci. Bai taɓa hana ta biki ko gaisuwar mutuwa ba, kuma maganinta ba ya yankewa. Matsalarsa ɗaya ce, ga ta da girma: tsoron bakin mutane. Mutum ne da zai kwana da yunwa in dai majalisarsu ta ƙofar gidan Malam Ɗantsoho za ta ce ya ƙoshi. Da ta kawo masa maganar gudu, sai ya zaro ido kamar ta ce za ta fara tuƙa tirela.

"Gudu? A titi? Madina, mace mai jikoki in aka gan ta tana gudu, ko gobara ce a gidansu ko kuma ta taɓu. Ga tsakar gida nan, wa ya hana ki?"

Haka ta haƙura da tsakar gida. Da an sallame asuba sai ta ɗaure ƙugu ta tashi daga bakin rijiya, ta wuce madafi, ta karya hagu a turken awaki, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanya, ta sake karya hagu a ƙofar ɗakin buhunan gero, sai ga ta a bakin rijiya. Ta hagu ta fara ranar farko, ta hagun kuma ta ci gaba, shekara da shekaru. Awakin ma tun suna firgita har suka daina ɗaga kai.

Lado, don ya wanke kansa, ya sayo mata wani agogon roba a kasuwar Kongolam, irin mai ƙirga taku. Agogon nan maroƙi ne na gaske. Motsin hannu kawai yake bi, saboda haka ko tana zaune tana matsar mai daga tunkuzar gyaɗa sai ya yi ta rawa a hannunta yana taya ta murna wai ta yi tafiya mai nisa. Ta san ƙarya yake yi mata, amma ƙaryar tana mata daɗi. Sugan kuma ya sauka, nas tana yaba mata, kowa ya samu abin da yake so.

Autarta Firdausi ce ta ɓata wannan zaman lafiyar, kuma da kyakkyawar niyya ta ɓata shi. Bautar ƙasa ta kai ta Jos, can ta shiga cikin wasu 'yan mata da ke fita gudu da safe da wandunansu da hijabansu, ba mai ce musu uffan. Da ta zo hutun Babbar Sallah, ta cire wa uwar tsohon agogon, ta ɗaura mata sabo, baƙi mai faɗin fuska.

"Umma, wannan ba hannu yake ƙirgawa ba. GPS gare shi, da tauraron ɗan'adam yake magana, ya san daidai inda kike a doron ƙasa. In kin gama, zai zana miki hanyar da kika bi a waya. Kin ga nawa."

Ta nuna mata. Wani dogon jan layi ne ya fita daga gari, ya hau tudu, ya kewaye wani tafki, ya dawo ta wata hanyar daban. Madina ta daɗe tana bin layin da ɗan yatsa.

Washegari ta yi gudun da ta jima ba ta yi irinsa ba, don tana so tauraron nan ya san da wa yake magana. Sai dai tun ba a je ko'ina ba agogon ya fara tsiya. Ya yi kuka ya tsaya, wai a ganinsa ta daina motsi. Ya farka, ya sake tsayawa. Ta gama tana haki, zani ya jiƙe, ta miƙa wa Firdausi hannu. Yarinyar ta buɗe waya, ta duba, ta so ta ɓoye, uwar ta fizge.

Babu layi. Wani ɗan dunƙulen ja ne kamar zaren da kaji suka tattaka, zaune a kan rufin gidansu. Nisan da ya rubuta a ƙasa kuwa, ko zuwa gidan mai markaɗe da dawowa ya fi shi.

"Umma, filin ne ya yi masa kaɗan," in ji Firdausi, murya ƙasa-ƙasa. "Ba a yi shi don cikin gida ba. Wallahi ban yi tunani ba."

"Ba ki yi tunani ba? A gidan nan aka yanke miki cibiya. A gabanki nake kewaya rijiyar nan tun kina sakandare. Kin je Jos kin ga tudu, shi ne kika manta inda uwarki take gudu?"

Ta cire agogon ta wurga shi cikin kwandon gyaɗa. Ranar ƙuli-ƙulin ya ƙone, yaran da suka zo saye suka sha faɗan da ba su san dalilinsa ba. Da farko da agogon take fushi, ta kira shi maƙaryaci, marar kunya. Daga baya ta koma kan Firdausi. Amma da yamma, da ta sake ɗaukar wayar ta ƙura wa dunƙulen nan ido, ta ga ai babu ƙarya a ciki. Tsohon agogon ne maƙaryaci. Wannan gaskiya ya faɗa mata ba tare da ya sa mata gishiri ba: duk gumin da ta zubar a shekarun nan, ba ta je ko'ina ba. Ita da maza suke tsoronta a filin Zango, yau ita ce take kewaya turke tare da awaki, don kada wasu tsofaffi masu zaman benci su samu abin taunawa bayan la'asar. Ranar ko tuwon dare ba ta ci ba.

Daga ranar ta daina gudu. Asuba ta yi, ta yi sallarta, ta koma ta zauna. Lado ya ɗauka fushin mata ne, zai huce. Bai huce ba. Ƙishirwa ta dawo mata, ƙafafu suka fara yi mata zugi, nas ta duba suga ta yi salati. Nan fa hankalin Alhaji ya tashi, ya same ta a madafi yana lallashi.

"Haba Madina, ki koma gudunki mana. In agogon ne, a mayar miki da tsohon."

"Alhaji, na gama kewaya rijiya. Ko hanya, ko in zauna."

"To ni me zan ce a majalisa?"

"Ka ce musu abin da za ka ce ranar da aka yanke min ƙafa kamar yadda aka yanke wa Yaya Kubura. Su za su zo su ɗauke ni zuwa bayi? Ɗantsohon ne zai goya ni?"

Lado ya san abin da suga ya yi wa yayarta Kubura, don shi ya kai ta asibiti da motar haya. Ya sosa ƙeya, ya fita, ya dawo, ya sake fita. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya amince, amma da sharaɗi irin na matsorata. Zai ɗauke ta a babur bayan asuba, su fita bayan gari ta hanyar Zango, su ratse wata hanyar gona da ba a cika bi ba. Sau ɗaya za a gwada. In kuwa wani wanda ya san su ya ɓullo, za ta hau babur ba musu, kuma maganar gudu a waje ta mutu ke nan har abada.

Damina ce, gero ya kai ƙirjin mutum, yashin hanya ya sha ruwa ya kwanta luf. Madina ta sauka daga babur da dogon hijabi da wando da takalmin kambas ɗin Firdausi. Ta danna agogon, ya yi ɗan kuka alamar ya samu tauraronsa. Hanya ta miƙe a gabanta ɗoɗar, ba katanga, ba turke, har inda ido ya gaza. Cikin murna ta yi bisimilla ta tashi.

Ba ta yi nisa ba kafaɗarta ta sauka da kanta, kanta ya sunkuya, ƙafarta ta karya hagu. Sai ga ta a cikin geron mutane. Ta tsaya tana mamaki, ta dawo tsakiyar hanya, ta sake tashi. Daidai nisan rijiya zuwa turke, jikin ya sake kauce wa katangar da babu ita. Ta cije leɓe, ta yi ƙoƙarin tilasta wa ƙafar ta miƙe, ƙafa ɗaya ta ce gaba, ɗaya ta ce hagu, suka harɗe. Ta kife a gefen gona, tafin hannu ya goge, hijabi ya kwashi taɓo.

Lado ya ƙaraso da babur a hankali. Da ya yi shiru da ya fi masa.

"Kin gani ko? Ni dama na san hanya ba taku ba ce. Tashi mu koma tun gari bai gama wayewa ba."

Ta ɗago ta dube shi. Hawaye ne a idonta, amma ba na ciwon faɗuwa ba.

"Ƙafafun nan a miƙe na kawo su gidanka, Alhaji. Kai ka lanƙwasa su."

Tana rufe baki suka ji ƙarar wani babur ta gabansu. Duk gonakin da ke ƙasar Daura, ashe Malam Ɗantsoho ya ba da noman wata gona tasa a wannan hanyar, kuma ranar ya ga damar zuwa duba ta. Ga shi nan tafe da malafa da fartanya ɗaure a baya. Lado ya rikice, ya jawo hula ya rufe goshi.

"Hau! Madina, hau mana! Mun yi da ke!"

Ta miƙe, ta karkaɗe hijabi, ta dubi babur ɗin, ta dubi hanyar. Ta san abin da hawan yake nufi. Sai ta juya masa baya ta tashi da gudu, kai tsaye wajen Ɗantsoho. Ta karkata hagu, ta fizgo kanta ta dawo. Ta sake karkata, ta sake dawowa, tana tafe kamar keken da ƙafarsa ta goce. Da ta zo gilma shi ta ce, "Malam, ina kwana," ba tare da ta rage gudu ba.

Ɗantsoho ya taka birki har fartanyarsa ta kusa faɗuwa. Ya bi ta da kallo baki buɗe, sannan ya juyo ga abokinsa da ke tsaye tsuru-tsuru.

"Alhaji, lafiya? Wannan ba iyalinka ba ce?"

Lado ya buɗe baki, ƙarya ta zo har leɓensa. Sai ya hango ta can gaba ta sake faɗawa cikin gero, ta fito da ƙyar, ta ci gaba ko waiwaye babu.

"Ita ce," ya ce. "Sai mun haɗu da la'asar."

Ya buga babur ya bi ta. Da ya cim mata bai tsaya a bayanta ba, ya shiga tsakaninta da gonar ta ɓangaren hagu, ya rage wuta daidai gudunta, ta yadda in ta karkato kafaɗarsa za ta tare ta. Ta karkato kuwa, ta buge shi har babur ya yi tangal-tangal, ta koma tsakiyar hanya. Ba ta ce masa sannu ba, kuma ko kallonsa ba ta yi ba.