Waya Ɗaya, Suna Arba'in da Bakwai

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya, ni da abokin aikina, kwamfuta a jaka, ina ta cika baki. Jama'a, wai ɗan damfara za mu je kamawa a wani ƙauye gaba da Kunci.

Bari ku ji mafarin. Wata ƙungiyar manoma ce ta ba mu aikin manhajar rajistar irin gero da gyaɗa da za ta raba kafin ruwa ya sauka. Manomi ya sa sunansa a waya, saƙon ya tafi uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye sunaye, ita kuma ta maido amsa. Ni sai na gina wani tsari a tsakaninsu, na raɗa masa Maigadi. Duk saƙon da zai shiga sai ya tare ya duba, duk amsar da za ta fita sai ta bi ta hannunsa. Na kafa masa doka: waya ɗaya, suna uku. Na huɗu ya ture shi gefe, amma ya ce wa mai wayar "An karɓa", don kada macuci ya gane an gano shi. Ranar har tafa wa kaina na yi. Kwatsam sai ga waya ɗaya ta turo suna arba'in da bakwai.

Mun wuce Dawanau ana ta lodin buhuna. A Bici muka tsaya shan koko, ƙosan nan ya ƙanƙance har na ɗari biyar bai cika tafin hannu ba. Daga Kunci muka hau acaɓa bayan doguwar jayayya a kan kuɗin mai. Hanyar rairayi ce zalla, gona na manne da gona, duk an share an jera taki tsibi-tsibi, ga amalanken shanu suna ƙara kai wani. Kowa ya gama shiri, sama kawai ake kallo.

Mai unguwa ya tarbe mu da fura. Da na karanta lambar wayar nan take ya gane ta. "Ta Malama ce," in ji shi, ya aika a kira ta.

Malama Binta dattijuwa ce da ke koyar da matan aure karatu a gidanta, kuma wayarta ce kaɗai babba a garin, ta sauran duk masu tocila ne. Ta zauna daga bakin ƙofa ta dube ni.

"Ɗana, kai ne mai injin?"

Na ce ni ne. Ta ce kwana huɗu ta yi tana hawa tudun bayan makaranta, inda sabis ke kamawa, tana sa sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya. Da na gidanta ta fara, don gwaji: nata, na maigidanta, da na ƙaninsa. Duk wanda ta sa, sai ta nuna masa "An karɓa" da idonsa. Da takardar ƙungiya ta fito, suna uku ne a kai, duka na gidanta. Tun ranar mata suka ɗauke ƙafa daga karatu, in ta je famfo hira ta mutu.

"Ba irin ne ya dame ni ba," in ji ta. "Shekara ashirin ba a taɓa ce mini maciya amana ba."

Wallahi kunya kamar in nutse. Ga shi jibi Juma'a za a rufe rajista.

Allah ya taimake ni Maigadi ba ya zubar da abin da ya ture, ajiyewa yake. Muka hau tudun cikin rana tsaka, na kira shugaban ƙungiyar na faɗa masa gaskiya, ya ce in gyara. Aka kawo mini turmi na kife na ɗora kwamfuta. Na sauya dokar: wayar da gari ya amince da ita ta sa ko nawa ne, saƙon da ake shakka a tsayar da shi sai mutum ya duba, amsa kuma ta zama "Ana dubawa", ba ƙarya ba. Na sake tura arba'in da huɗun nan, sabis na zuwa yana tafiya, abokina na ta yi mini inuwa da jaka. Kafin la'asar duk suka shige.

Na fara naɗe caja sai Malama ta ce, "Sai ina? Injinka ka gyara. Sunana fa?"

Haka na tsaya a ƙofar masallaci bayan sallah na yi bayani, mata na ji ta bayan danga. Wani tsoho ya ce, "Yaro, wato kai ka koya wa injin ƙarya?" Na ce, "Ni ne, Baba." Aka tuntsire da dariya, ya ce to Allah ya shirye mu ni da injin. Na karanta sunayen da ƙarfi, kowa na amsa nasa.

Ana kiran isha'i muka shigo Kano, da ƙullin daddawa da kuka a jaka. Abin da na koyo shi ne, a ofis na zauna na ɗauka kowa da wayarsa kamar mu, na kuma sa na'ura ta yi ƙarya, ban tambayi kan wa za ta faɗa ba. Yanzu kafin in kafa doka sai na je na ga mutanen da za ta hau kansu.

Washegari da hantsi Malama ta kira ni daga kan tudun, iska na kaɗa muryarta. "Ɗana, sun dawo karatu," in ji ta. "Har tabarma ta yi mana kaɗan."