Saniyar da Malam Kashim Ya Zana

Ni mai shayi ne a bakin tasha a Azare, kuma mai shayi ba shi da maƙiyi kamar burodin da ya makara. A shekarar 2004 gidan burodin Alhaji Babayo ya nemi ya kashe mana kasuwa. Burodin la'asar sai bayan magariba yake isowa, direbobi sun riga sun watse. Alhaji ya ɗora laifin a kan Jonah mai kula da tanda, mutumin Tafawa Ɓalewa da ya yi furfura a gaban wutar nan, ga 'ya'ya a makaranta. Aka ce ƙarshen wata za a sallame shi.

Ana cikin haka Alhaji ya ɗauko Malam Kashim ya ba shi manaja. Babarbare ne, gajere, ya yi ritaya daga aikin akawu a Katagum. Ban taɓa ganin mai gardama irinsa ba, in ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa. Kullum a teburina yake karyawa, kullum sai ya kushe shayina, amma ranar da bai zo ba sai in ji babu daɗi. A nan ya ce mini, "Aiki kamar ban ruwan lambu ne. In ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba, ba fangalin ake zagi ba, hanyar ruwan ake bi."

Ya roƙi Alhaji ya dakata da maganar kora. Sai ya tara ma'aikata a tsakar gidan burodin, har da ni a madadin masu saye, ya kafe lallai Alhaji ya zauna. Ya miƙa wa kowa gawayi, ya ce kowa ya zana nasa aikin a kan siminti, yadda yake yinsa, ba yadda ake so a ji ba. Mai kwaɓi ya zana, mai awo ya zana, haka Jonah, haka mai ƙulla leda. Tambaya ɗaya yake wa kowa: "Me kake jira kafin ka fara?" Jonah ya ce kwaɓi ya tashi. Mai kwaɓi ya ce fulawa. Aka ja layi daga wannan zuwa wancan har aka iso ƙofar sito.

"To, fulawa me take jira?" in ji Malam Kashim.

Kowa ya san makullin sito a aljihun Alhaji yake kwana. Alhaji kuwa mutumin jama'a ne, yau suna a Bulkachuwa, gobe ta'aziyya a Jama'are, ba ya dawowa sai rana ta take. Amma wa zai dubi idon dattijo ya faɗa masa haka? Jonah ya sunkuyar da kai, ya gwammace a kore shi.

Alhaji Bafulatani ne, tsakaninsu da Barebari kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Malam Kashim ya durƙusa, ya zana wata ƙatuwar saniya a bakin siton, ya rataya mata makulli a wuya.

"Ga wadda muke jira, jama'a. Tun safe take tafiya kiwo da makullinmu. Ka ba Bafulatani sito, ai sai ya bi ciyawa da shi!"

Alhaji ya daɗe yana kallon simintin, yana bin layukan da ido har zuwa tandar Jonah. Can ya tuntsire da dariya har da share hawaye.

"Kai Kashim, Allah ya shirye ka! Saniyar ma ba ka iya zanawa ba."

Wannan shi ne Malam Kashim. Bai taɓa gyara wa mutum aikinsa a bayan idonsa ba, kuma ya san ta ƙofar da gaskiya take shiga wurin manya. Ina ƙaunar mutumin nan, Allah ya sani.

Alhaji bai ce a yi haƙuri ba, irinsu ba sa faɗa da baki. Ya dai laluba aljihu, ya ciro makullin, ya wuce manajan nasa kamar bai gan shi ba, ya kama hannun Jonah mai tabon ƙuna.

"Riƙe mini wannan, Jonah. Ban yarda da Babarbare a kan fulawa ba."

Jonah ya damƙe makullin da hannu biyu. Malam Kashim ne ya yi godiya a madadinsa.