Faɗuwar Yaya Sabo daga Amalanke

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, kuma har yau idan aka tambaye ni abin da ya yi ajalinsa sai in hau kame-kame.

Da kaka ne, a gonarmu ta Zandam. Yana kan amalanke yana jera dammunan dawa, shanun suka zabura, ya faɗo ta baya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Ya ɗan jima bai motsa ba, sannan ya miƙe yana karkaɗe riga. Na duba kan, babu jini.

Na ce, "Yaya, mu je a duba ka."

Ya ce, "A duba me? Kai dai miƙo damin nan."

Na miƙa masa, har muna dariya.

Bayan mako uku ya fara sauyawa. Ciwon kai ba dare ba rana. Mutumin da ke jan salla a masallacin unguwarmu ya rikice a Fatiha. Ya daka wa Inna, mahaifiyarmu, tsawa a kan ruwan alwala, abin da bai taɓa yi ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Ni kuwa na ɗauka wulaƙanci ne, na yi kwana goma ba na kula shi.

Sai da ya fara jan ƙafa muka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya tambaya, "Ya bugu a ka kwanan nan?"

Ni na amsa. Na ce, "A'a."

Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba, faɗuwar ce ta shige min. Ana shirin tura shi Kano a ɗauki hoton kan, rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki, amalanken wani ya gifta, sai a lokacin na tuna faɗuwar.

Daga baya wani malamin asibiti ya faɗa min jini kan riƙa tsattsafa a cikin kai sannu a hankali, har ya sauya wa mutum hali. Ko shi ne? Ban sani ba. Na yi imani da ƙaddara, amma wannan "a'a" ta ƙi barina.

Yanzu idan na ga matasa sun zube da babur a hanyar Fagam, babu hular kwano, sun tashi suna dariya, nakan tare su in matsa musu su je asibiti. Da Yaya na nan, zai goya min baya ne, ko tsiya zai yi min? Wannan ma na kasa yankewa.

'Yarsa Hadiza tana da shekara biyar ya rasu. Kwanan baya ta ce min, "Baffa, wai Babana mafaɗaci ne? Ni faɗansa kawai nake tunawa."

Na zaunar da ita na ba ta labarin mutumin da ya shekara arba'in ba a ji kansa da kowa ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in sake daga farko.

Allah Ya kai masa rahama kabarinsa, ni kuma Ya yafe min.